Abin Da Ke Hannunta

A kamfanin buga littattafan nan kowa Jan Biro yake ce mata, amma fa sai ta ba da baya. A gaban idonta Malama ce, har a bakin mai kamfanin, wanda shi ma in ya ji takunta a matakala yakan gyara zama. Ita ce babbar edita, kuma akwai wani marubuci da duk littafin da ya taɓa fitarwa ta hannunta ya bi. Yana saurayi ya zo mata, dogo siriri, da rubutu cike da jakar leda, da girman kai da ya fi jakar nauyi. Ta karanta shafi uku ta ajiye, ta ce masa lalle akwai marubuci a cikinsa, sai dai surutu ya danne shi. Ya fita yana huci, ya rantse ba zai sake taka ofishin ba. Da sati ya zagayo sai ga shi. Tun ranar take ce masa Dogo, kuma yau da furfura ta ci rabin gemunsa, jaridu suna jera masa kirari, a wurinta bai wuce Dogo ba.

Shi jan biron ya daɗe da yin murabus. Idanunta sun yi rauni har gilashi ya daina taimako, sai aikin ya koma na kunne. Marubuci zai hau har hawa na uku, ya zauna a kujerar katako mai kuka, ya karanta mata littafinsa da baki daga farko har ƙarshe, ko da abin zai ci wata guda. Ita kuwa tana jingine, ido a rufe, shayi yana hucewa a gabanta, fankar sama tana juyawa kamar an tilasta mata. Baƙo zai ɗauka barci take yi. Wanda ya san ta a ɗarare yake karatu, yana jiran yatsanta ya ƙwanƙwasa tebur.

In ta ƙwanƙwasa, yawanci tambayar ɗaya ce: "Me ke hannunsa?"

A ganinta, marubucin da bai san abin da mutumin labarinsa yake riƙe da shi ba, bai shiga ɗakin ba, ta taga yake leƙe. Ba lalle sai an rubuta abin a littafi ba, amma lalle ne a sani. Akwai ranar da ta tsayar da shi a kan wani alƙali mai yanke hukunci. Ya ce alƙalami ne a hannunsa. Ta ce ƙarya ne, ko ɗan aji ɗaya aka tambaya alƙalami zai ce. Ya zauna yana zufa, can ya ce a ƙarƙashin tebur alƙalin yana ɓare takardar jikin kwalbar maganin hawan jininsa da farce. Ta buɗe ido ta ce, "Yauwa, yanzu alƙali ya shigo." Da irin wannan azabar ta raine shi, kuma ya fi kowa sanin cewa rabin yabon da ake yi masa nata ne.

Ba littafi kaɗai yake hawa benen da shi ba. Da zai yi aure ita ya fara gaya wa. Da likita ya ga wani abu a huhunsa, kafin a gane ba komai ba ne, a kujerar nan ya zauna ya yi shiru har shayinta ya huce sau biyu. A farkon kowane littafi nasa akwai layin godiya gare ta. Mahaifiyarsa kuwa tana raye, a gari ɗaya da shi, kuma ko sau ɗaya sunanta bai shiga ba.

Wannan sabon littafin shi ne na ƙarshe da za su yi tare. Ta riga ta gaya wa mai kamfanin cewa ranar da ya tafi maɗaba'a za ta kwashe kofinta ta koma gida. Shi ya sa marubucin ya yi niyyar ba ta abin da ya yi shekaru yana ɓoyewa a bayan alƙalai da 'yan kasuwa da masoya. Babi ne guda a tsakiyar littafin, gajere. Ranar da suka iso babin ya sha ruwa, ya gyara murya, ya fara.

Yaro ne ɗan shekara tara da ƙaninsa ɗan biyar, suna tafiya makaranta da safe. Kullum uwar takan raka su bakin ƙofa da magana ɗaya: kada ka saki hannunsa. A bakin babban titi kwalbar ruwan babban ta zame ta gangara. Ya saki hannun don ya cafko ta. Ƙaramin ya ga an sake shi, ya ruga. Motar kaya ce ta kwashe shi, bai sake tashi ba. Babban ya bi shi da gudu ya faɗi a kan kwalta, mutane suka taru. Da yamma, bayan gida ya yi shiru, yaron yana zaune a kicin, uwar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube shi daga sama ta ce, "Da ma kai ne." A nan babin ya ƙare.

Ba ƙagaggen labari ba ne, shi ne babban yaron, kuma Malama ta sani. Ya taɓa ba ta shi sau ɗaya, tun yana saurayi, a taƙaice, yana kallon bango. Ya ajiye takardun a cinyarsa. A gaskiya yabo yake jira. Mutum ya tsaga ƙirjinsa ya ajiye a kan tebur, ai ko sannu a ce masa.

Ko sannun ba ta ce ba. Sannan yatsan ya sauka.

"Me ke hannunta?"

"Ba komai."

"Ba komai fa ka ce?"

"Tsaye take a bakin ƙofa, Malama. Hannunta a sake."

"Dogo, na haifi uku. Mace mai 'ya'ya ba a samun hannunta a sake ko ranar hutu, balle rana irin wannan. Me ke hannunta?"

Ya rufe ido ya koma kicin ɗin. Ya ga tukunyar da ke kan risho, ya ga tsagin da ke jikin bango kusa da taga, har ƙamshin sabulun wanke-wanke ya ji. Ya ji maganar tar, da muryarta da komai. Amma daga wuyan matar zuwa ƙasa duhu ne. Abin ya ba shi tsoro, tsoron kuma ya koma haushi.

"Wannan ba alƙali ba ne da na ƙirƙira. Ina wurin."

"Kunnenka yana wurin," ta ce. "Je ka nemo sauran."

Marubuta dai Allah ya shirye su, in ka ce su nemo gaskiya sai su koma gida su ƙera wata ƙaryar da ta fi ta jiya kyau. Ya dawo washegari da tawul a hannun matar. Malama ta ce tawul ɗin aro ne. Ya dawo da takalmin ƙaramin, ƙafa ɗaya, abin da zai sa mai karatu kuka. Ta ce, "Wannan na masu ba marubuta kyautar gasa ne, su za su so shi." Ya kawo mabuɗi, ya kawo kofi, ya kawo wuƙar yanka albasa. A kan wuƙar ta buɗe ido ta juyo da fuskarta inda yake, ko da yake ya san inuwarsa kawai take gani.

"Kai ba ka jin kunya? Matar nan tana da rai. Mota ɗaya za ka hau ka isa inda take. Ka zauna kana sa mata wuƙa a hannu."

"Ba ki san ta ba."

"Kai ma haka. Abin da nake ta faɗa maka ke nan."

To, a nan ya kamata a faɗi yadda suke da mahaifiyarsa, don kada a ɗauka faɗa suke yi. Da ma faɗan ne, da da sauƙi. Tun bayan rasuwar mahaifinsu tana zaune wurin ƙanwarsa, Auta, wadda aka haifa bayan abin ya faru. Duk ƙarshen wata yakan je da magungunanta na ciwon zuciya a leda. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya jiki, da sauƙi. Ya iyali, lafiya lau. Ya aiki, an gode Allah. Daga nan sai su zauna kamar fasinjoji biyu da mota ta haɗa, har ya ce bari ya gudu kada cunkoso ya tare shi. Ba ta taɓa zaginsa ba tun daga ranar, ba ta taɓa dukansa ba. Da keken ɗinkinta ta biya masa kuɗin karatu har ya gama. Amma bai tuna ranar da ta dafa kafaɗarsa ba, shi ma bai tuna ranar da ya kalli tsakiyar idonta ba. Maƙwabta suna ce masa ɗa mai albarka.

"Ko na je me zan ce mata?" ya ce. "Umma, ranar da kika so in mutu, me kike riƙe da shi?"

"In ba ka da wata hanyar, faɗi haka."

"Zuciyarta ba lafiya."

"Tun yaushe ka fara tausayin zuciyarta? Littafin nan in ya fito, ka ɗauka ba wanda zai kai mata labari? Za ta ji a bakin maƙwabta cewa ɗanta ya tsayar da ita a bakin ƙofa duniya tana kallo. Wannan bai taɓa zuciya ba, sai tambaya?"

Ya miƙe ya je taga. A ƙasa masu gyaran taya suna ta bugun ƙarfe, wata mata tana jan yaro za su tsallaka titi. Bai juyo ba ya ce, "Ni uwar da na sani ke ce. Ke kika gyara ni. Ita ciyar da ni kawai ta yi."

Ya ɗauka maganar za ta yi mata daɗi. Ya daɗe yana ajiye da ita, yana jiran ranar da zai miƙa mata kamar kyauta.

"Zo ka zauna," ta ce. Da ya zauna ta lalubo hannunsa a kan tebur ta riƙe, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ina son ka, Dogo, Allah ya sani. Amma ni ba uwarka ba ce. Ni mai sauƙi na samu. Ka zo min da gemunka, da wankanka, ka karanta min abu mai daɗi in ce cire nan, ƙara can, ka tafi gida. Ban taɓa kwana a kanka kana zazzaɓi ba. Ban binne kowa ba. Da ni ce a kicin ɗin nan, wallahi ban san abin da zai fito daga bakina ba." Ta saki hannun. "Na daɗe ina jin daɗin kujerar da ba tawa ba. Kafin in tafi zan tashi daga kanta."

"In kuma na ƙi zuwa?"

"Littafinka ne. Mai kamfani zai buga ko da hannuna ko babu, sunanka ya isa. Ni dai ba zan ce ya yi ba."

Ya tattara takardunsa ya fita, ko sallama babu. A matakala ya ci karo da mai kamfanin yana washe baki yana tambayar yaushe za a kai maɗaba'a. Ya ce masa gobe ma in ya so.

Goben ba ta zo ba. Ya yi kwanaki yana zagaye tebur a gida, matarsa ta gaji da tambaya ta sa masa ido. Ya karanta babin shi kaɗai ya ga ba abin da ya rage, babi ne lafiyayye, duk wanda ya karanta sai ya ji a jikinsa. Amma duk sanda ya zo bakin ƙofar nan sai ya ji yatsa a kan tebur. Tsohuwar ta ɓata masa kunne, ba zai iya daina ji ba. Ana cikin haka Auta ta bugo waya da hantsi.

"Yaya, ƙafafun sun sake kumbura. Likita ya canja magani, amma yadda ya yi magana bai yi min ba. Abinci ma sai na yi da gaske."

"Me ya ce?"

"Ya ce a riƙa faranta mata rai. Ka san in likita ya fara wa'azi." Ta ƙara da cewa, "Ba sai ƙarshen wata ba, Yaya."

Ya je a ranar, bayan azahar. Gidan Auta a hawa na biyu yake, a wani layi mai shagunan kayan gini. Ta ɗauki takardar sabon maganin ta ce bari ta je kemis tun da ga mai zama. Ya so ya ce bari shi ya je, amma ta riga ta sa takalmi.

Ɗakin mahaifiyar tasu ƙarami ne, tsaf, yana ƙamshin man zafi. Keken ɗinkin yana lungu an lulluɓe shi da tsohon zane, an ɗora rediyo a kai. Tana zaune a kujera kusa da taga, ƙafafunta a kan matashi, sun yi suntum har fatar tana sheƙi. Ta rame a fuska. Ya durƙusa ya gaishe ta, suka bi layin gaisuwarsu har ƙarshe, ya koma bakin gado ya zauna.

"Wata bai ƙare ba," ta ce.

"Auta ta ce jikin ya motsa."

"Auta da baki."

A waje ana sauke rodi daga mota. Ya ji dabarar tashi tana zuwa masa da kanta, cunkoso, aiki, wani da yake jira. Ya danne ta. Mutumin da ya cika littattafai da zance, yau ga shi yana neman kalma ɗaya kamar mai neman allura a yashi.

"Umma, ina rubuta wani littafi."

"Ai kullum kana yi."

"Wannan akwai Ƙarami a ciki."

Shekaru ke nan ba a ambaci yaron a gabanta ba. Ba ta firgita ba. Hannunta da ke kan bargo ne kawai ya tsaya.

"Har da ranar?"

"Har da ranar."

"Har da abin da na ce?"

Ashe duk tsawon shekarun nan wani ɓangare na zuciyarsa yana fatan ta manta, ko ta musa, ya samu abin riƙewa. Ya ji kamar an zare masa kujera.

"Kin tuna?"

"Kai da aka gaya wa ba ka manta ba, sai ni da na faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na rubuta kina tsaye a bakin ƙofar kicin. An tambaye ni me ke hannunki, na kasa amsawa. Shi na zo tambaya."

"Wa ya tambaye ka? Matar nan da kake gode wa a farkon littafi?"

Ya ɗago.

"Auta tana karanta min wurin. Sauran ba na bari, ban iya jin ƙarya mai tsawo ba." Ta gyara zaman ƙafarta da ƙyar. "Tana da 'ya'ya?"

"Uku."

"Shi ya sa." Ta juya ta kalli taga. "Ba a tsaye nake ba. Ban san inda ka samo ƙofa ba. A durƙushe nake a gabanka."

Ta yi maganar a hankali, tana hutawa, don numfashin ba ya kai mata. Ta ce maƙwabciya ce ta kawo shi gida, aka ajiye shi a lungu, kowa yana ta ita da wanda ya tafi, ba wanda ya kalli wanda ya rage. Sai da mutane suka ragu ta shiga kicin neman ruwa ta gan shi zaune da kayan makaranta, jini ya bushe tun daga gwiwa har cikin safa. Ta ɗora ruwa, ta zuba gishiri. Ta ɗauko allura a keke ta ƙona bakinta a wuta. Gwiwoyin nan biyu cike suke da tsakuwar titi, ƙanana, sun shige cikin nama. Ta ɗora ƙafarsa a cinyarta tana cirewa ɗaya bayan ɗaya, tana jefawa a murfin gwangwani.

"Ba ka yi kuka ba. Da ka yi kuka, ƙila da Allah ya rufa min asiri. Ka zuba min ido kawai. Can sai ka ce, Umma, kwalbar ba ta fashe ba."

Bai tuna ba. Ko kaɗan bai tuna ba. Amma ya ji maganar ta zauna daidai a bakin yaron, ya san ba ƙari ta yi ba.

"Yanzu na san yaro ne, hankalinka ya gudu, kana neman abin da za ka ba ni. A lokacin ban sani ba. Na ji kwalba, sai wuta ta taso min tun daga ciki. Ƙafarka tana hannuna na faɗa. Na ji lokacin da ta sandare." Ta haɗiyi yawu. "Ban sake ta ba. Na ci gaba da cirewa har na gama, na koma ɗayar, na wanke, na ɗaure da ƙyallen ɗinki. Allura ce a hannuna, in shi take tambaya. Allura a dama, ƙafarka a hagu."

Hannunsa ya kai kan gwiwarsa, ta saman wando. Tabon yana nan, ɗigo-ɗigo, kullum yana ganinsa in yana wanka. A ransa a asibiti aka wanke masa ciwon, wata nas da bai taɓa iya tuno fuskarta ba. Shekara da shekaru ya ɗauki aikin uwarsa ya ba wata matar da babu ita. Baƙin ciki ya rufe shi, da kunya, da wani haushi sabo da bai san inda zai kai shi ba, don maganar dai an faɗa, durƙuson bai goge ta ba. In ma da abin da ya yi, ƙara mata kaifi ya yi, tunda a kusa aka faɗe ta, da hannu a jikinsa.

"Me ya sa ba ki taɓa cewa komai ba?" Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so. "Kalma ɗaya, Umma. Ina gidan nan har na girma."

"Da safe na zo canja maka ƙyalle, na miƙa hannu, ka ja ƙafarka. Kaɗan, ba da yawa ba. Na ce hakkinka ne, na ba babanka ya ɗaure." Ta share gefen bakinta da bakin mayafi. "Na ce bari ya girma ya san magana. Da ka girma na ce ƙila ya manta, kada in tono. Da na ga ba ka manta ba, na ce ai an makara. Haka na yi ta yi wa kaina wayo. Magana zarar bunu ce, na zare, na tsaya ina kallon ramin."

"Da gaske kike a ranar?"

Tambayar da ya zo da ita ke nan tun yana ɗan tara, ba ta Malama ba. Ta juyo ta dube shi, ya daure bai kawar da kai ba. Idanunta sun yi fari-fari a gefe, bai san yaushe suka zama haka ba.

"Lokacin da take fita, da gaske nake. Ba zan yi maka ƙarya ina bakin hanya ba. Da a ce kai ne ka tafi, shi ya zauna a kujerar nan ya ce min kwalba, shi zan gaya wa. Wanda ya rage shi ke shan dukan." Ta numfasa. "Kafin in kai allurar ga tsakuwa ta gaba na riga na so a yanke min harshe."

Ya ga bargon ya zame daga ƙafarta ɗaya, ya ga yadda take kallonsa ba ta iya sunkuyawa. Ya sauko daga gadon ya ja mata shi. Ƙafar da sanyi, da nauyi, yatsansa ya bar gurbi a fatar. Bai koma gadon ba, ya zauna nan ƙasa kusa da matashin.

"Ka rubuta yadda na faɗa," ta ce. "Kada ka gyara min baki don na tsufa. Amma ka sauke ni daga bakin ƙofar nan, ban taɓa tsayawa a kanka ba."

"To, Umma."

Aka gama sauke rodin, motar ta tashi. Daga matakala suka ji takun Auta da ƙarar leda, ta tsaya a hawa na ɗaya tana gaisawa da wata.

"Yaron cikin littafin," mahaifiyar ta ce, ta rage murya. "Ya yafe mata?"

Ƙarya sana'arsa ce, kuma wannan mai sauƙi ce, kalma ɗaya, likita ma ya ce a faranta mata. Ya buɗe baki. Sai ya ga yadda ta kafe shi da ido, matar da yanzun nan ta ƙi yi masa ƙarya alhali ita ce za ta fi amfana, ya san in ya ba ta ta jabu za ta gane, kuma za ta karɓa ta yi godiya.

"Ban kai wurin ba tukuna, Umma."

Ta gyaɗa kai. Ta dubi ƙafafunta da ke ƙarƙashin bargon, ta daɗe tana dubawa.

"To," ta ce. "Ka ɗan yi sauri, ka ji."